Matakan Ƙaura Zuwa Kanada Ta Hanyar Doka

Kanada na cikin ƙasashe ƙalilan da ke ba baƙo izinin zama na dindindin tun yana zaune a ƙasarsa, ko da bai san kowa a can ba, ko da babu kamfanin da ya yi masa alkawarin aiki. Babbar hanyar ita ce tsarin Express Entry, wanda ma'aikatar shige da fice ta ƙasar, IRCC, ta ƙaddamar a watan Janairun 2015. Komai ta intanet ake yi, kuma maki ake ƙirgawa: shekarunka, zurfin karatunka, iya Turanci ko Faransanci, da daɗewarka a bakin aiki. Wanda makinsa ya fi yawa shi ake fara kira. Najeriya da Kamaru na cikin ƙasashen da mutanensu suka fi samun wannan kira a 'yan shekarun nan, ko da yake ƙofar ta ɗan tsuke: a watan Oktoban 2024 gwamnatin ƙasar ta rage yawan waɗanda za ta karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe tun daga nan. Yawancin al'amuranmu a baki suke, amana ce ke riƙe da su. An ɗaura aure a gaban shaidu an watse, an sayi gona da musafaha, yaro ya shekara goma a shagon ubangidansa babu ko ƙyallen takarda. Jami'in da zai duba fayil ɗinka bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, abin da ke rubuce kaɗai yake gani. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da rayuwarka a rubuce, bisa gaskiya, kuma kowace takarda ta faɗi abin da 'yar'uwarta ta faɗa.

Mataki na 1: Auna kanka kafin ka kashe ko sisi

Ga wanda ke wajen Kanada, shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya shi ne mashiga. Sharuɗɗansa a bayyane suke. Ka yi aikin ƙwarewa mai albashi na aƙalla shekara 1 a jere cikin shekaru 10 da suka wuce, wato awa 30 a mako, jimilla awa 1,560. Ka kai mataki na 7 a ma'aunin harshe na Kanada. Sannan ka samu maki 67 cikin 100 a awon farko, inda harshe ke da 28, karatu 25, ƙwarewar aiki 15, shekaru 12, tayin aiki 10, alamun saurin sabo da ƙasar kuma 10.

Wannan 67 ɗin izinin shiga fili ne kawai. Gasar kanta da wani ma'auni ake yi mai maki 1,200, kuma akwai na'urar lissafinsa kyauta a shafin canada.ca. Zauna ka cike ta ba tare da ka yi wa kanka ƙari ba. Za ka ga cewa ɗan shekara 20 zuwa 29 ne ke kwashe cikakken makin shekaru, daga 30 ya fara zaizayewa kowace shekara, a 45 ya ƙare ƙaf. Idan kana da aure, ku lissafa sau biyu, da sunanka da kuma sunan maiɗakinka, domin sau da yawa ita ce mai ƙarancin shekaru, wani lokaci ma ta fi ka digiri. Wanda ya fi maki shi ya dace ya zama mai nema, ɗayan ya bi shi a matsayin abokin zama.

Kada ka haɗa wannan da bizar ziyara, wadda ba ta ba kowa izinin aiki, ko bizar karatu, wadda a 2024 sai da ɗalibi ya nuna dalar Kanada 20,635 ban da kuɗin makaranta, kuma ba ta ɗauke da alkawarin zama bayan an gama.

Mataki na 2: Daidaita sunanka da ranar haihuwarka

Ciro duk takardunka ka baje su a tabarma: takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri, takardar kammala bautar ƙasa, katin NIN, fasfo, da takardar aure. Karanta sunan da ke kan kowace, harafi bayan harafi. Ba abin mamaki ba ne ka tarar kai Muhammadu ne a firamare, Mohammed a jami'a, Muh'd a banki, ga sunan garinku ya maƙale a wata takardar ya ɓace a wata. Haka ranar haihuwa: an rage shekara biyu don bautar ƙasa, ko an rubuta 1 ga Janairu saboda ba a tuna ba. A Nijar kuma akwai masu takardar da shekara kawai ta nuna.

Fasfo shi ne ma'auni, sauran su bi shi. Inda bambancin na rubutu ne, ka yi rantsuwa a kotu cewa duk sunayen naka ne, ka ajiye ta don ka haɗa da wasiƙar bayani. Inda ranar haihuwa ce ta saɓa, ka je hukumar da ta ba da takardar ta gyara, kuma ka fara da wuri don gyaran na cin watanni. Wanda aka haifa a Najeriya ba a yi masa rajista ba, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ba da takardar tabbatar da haihuwa. Kowane yaro ma ya samu takardar haihuwarsa da fasfonsa. Duk takardar da ba da Turanci ko Faransanci aka rubuta ba, kamar takardar aure ta Larabci ko ta Hausa daga kotun shari'a, sai an kai wa mai fassara da aka amince da shi.

Mataki na 3: Ba jarrabawar harshe haƙƙinta

A nan ne maki ke hannunka. Shekarunka ba za su koma baya ba, sabon digiri sai an daɗe, amma harshe ana iya ɗaga shi cikin watanni. Na Turanci ana karɓar IELTS, amma General Training, ba ta shiga jami'a ba. Ana kuma karɓar CELPIP da PTE Core. Mafi ƙarancin abin da ake so a IELTS shi ne 6.0 a sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne daban. Sai dai 6.0 ba ta kai mutum ko'ina a gasar. Abin da za ka sa a gaba shi ne 8 a sauraro da 7 a sauran ukun, wato mataki na 9, domin a nan ne ake ƙara maka wani makin a kan karatunka da aikinka.

Kada digirinka ya ruɗe ka. Masu digiri na biyu da yawa na tuntuɓe a ɓangaren rubutu, saboda jarrabawar na da tsari da ƙayyadadden lokaci. Ka saba da rubuta wasiƙa da muƙala agogo na gabanka, ka saba kunnenka da lafazin Turawa. Sakamakon na aiki shekara 2 ne kacal, kuma dole ya kasance da ransa ranar da za ka miƙa takardun ƙarshe.

Mutanen Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena suna da abin da na Kano ba su da shi, wato Faransanci. Tun 2023 Kanada ke yin zaɓe na musamman don masu jin Faransanci da za su zauna a wajen lardin Kebek. A 2024, lokacin da makin zaɓen gama-gari ya haura 500, na masu Faransanci ya sha sauka ƙasa da 400. Jarrabawarsu ita ce TEF Canada ko TCF Canada, ana son mataki na 7 a duk ɓangarori huɗu. Wanda ya haɗa harsunan biyu yana iya samun ƙarin maki har 50. Shi ya sa 'yan Najeriya da yawa suka koma aji a cibiyoyin Alliance Française. Kebek kuwa tana da nata tsarin zaɓen daban tun yarjejeniyar 1991.

Mataki na 4: A tantance karatunka

Digirin da aka yi a wajen Kanada ba ya kawo maki sai wata hukuma da IRCC ta amince da ita ta auna shi. Wadda aka fi sani ita ce WES. Likitoci da masu harhaɗa magunguna kuwa hukumomin sana'arsu na Kanada ne ke auna nasu. Ba kai za ka aika sakamakon karatunka ba. Jami'arka ce za ta tura kai-tsaye, kuma a nan ake shan jira. Ka je da ƙafarka ofishin da ke kula da sakamako, ka biya, ka karɓi rasit, ka riƙa leƙawa har sai an tura. Rahoton na aiki shekara 5. Ka sani cewa wannan awon na neman biza ne kawai, ba lasisin yin aiki ba ne.

Mataki na 5: Haɗa shaidar aiki

Kowane aiki na da lambarsa a kundin sana'o'i na Kanada, NOC, kuma rukuni na 0 zuwa na 3 ne ake ƙirgawa. Ba sunan muƙaminka ake dubawa ba, abin da kake yi kullum ake gwadawa da abin da kundin ya zayyana. Wasiƙar da aka saba bayarwa a ma'aikatunmu, mai cewa wane mutumin kirki ne mai ƙwazo, ba ta da amfani a nan. Wadda ake so tana kan takarda mai tambarin ma'aikata da adireshi da lambar waya, ta faɗi ranar da ka fara da ranar da ka bari, awa nawa kake yi a mako, albashinka na shekara, da jerin ayyukanka, sannan shugabanka ko jami'in kula da ma'aikata ya sa hannu. Ka rubuta ayyukan da kalmominka. Wanda ya kwafo na kundin kalma da kalma yana jawo wa kansa zargi. Ka tanadi takardar ɗaukar aiki, takardun biyan albashi, da bayanan banki masu nuna shigar albashin. Mai aikin kansa zai nuna rajistar kasuwanci da shaidar biyan haraji da wasiƙun waɗanda ya yi wa aiki.

Mataki na 6: Faɗi gaskiya a kan iyalinka

Dole ka ambaci matarka da duk 'ya'yanka, har waɗanda ba za su bi ka ba, har na matar da kuka rabu, kuma dole a duba lafiyar kowa. Ɗan da ka ɓoye a yau, doka na iya hana ka ɗauko shi gobe. Yaro na cikin lissafin iyali ne idan bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba. Ɗan riƙo, ko da a hannunka ya tashi tun yaye, ba ya shiga sai da hukuncin kotu na ɗaukar ɗa. Idan za ka tafi da ƙaramin yaro ka bar mahaifiyarsa, sai ta sa hannu a takardar amincewa.

Sashe na 293 na dokar laifuffukan Kanada ya haramta auren mace fiye da ɗaya, kuma a wajen shige da fice auren farko kaɗai ake iya ɗauka. Mai mata biyu ya tsaya nan ya yi tunani, ya yi shawara da iyalinsa da lauyan da ke da lasisi, kafin ya biya kuɗin jarrabawa. Kada ya bi shawarar masu cewa ya rubuta amarya a matsayin ƙanwa ko ya yi shiru da ita. Tun 2015 kuma ba a amincewa da auren da aka ɗaura ta waya ko ta wakili alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, haka nan ba a ɗaukar abokin zama da bai kai shekara 18 ba.

Hukuncin ƙarya a takardun shige da fice shi ne haramcin shekara 5, kuma ko bayan ka zauna, ko ka zama ɗan ƙasa, ana iya tono ta a ƙwace abin da aka ba ka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mataki na 7: Tara kuɗin a inda za a gan su

Ana so ka nuna abin da zai riƙe ka watannin farko. A ƙa'idar 2024, mutum ɗaya dalar Kanada 14,690 ne, iyali mai mutum 4 kuma 27,297, kuma ana sabunta adadin duk shekara. Wajen lissafin ana haɗawa har da matar da 'ya'yan da za su zauna a gida. Shanu da fili da zinaren uwargida da zubin adashe duk dukiya ce, amma ba a karɓarsu a matsayin shaida. Kuɗi ake so a banki, naka na kanka, ba rance ba. Bankin zai rubuto wasiƙa mai nuna abin da ke asusun yanzu, matsakaicin abin da ya zauna cikin wata 6, da basussukan da ake bin ka.

Saboda haka idan fili za ka sayar, ka sayar da wuri, ka ajiye takardar cinikin. Idan mahaifinka ne ya ba ka, a rubuta cewa kyauta ce ba bashi ba, a yi rantsuwa a kai. Miliyoyin da suka faɗo asusu dare ɗaya babu bayani, tambaya suke jawowa. Ka kuma bar rara mai kauri, domin Naira na iya faɗuwa tsakanin ranar da ka lissafa da ranar da jami'i ya duba.

Ban da wannan akwai kuɗin hukuma. A farashin 2024, babba dala 1,525, yaro 260, ɗaukar zanen yatsu 85 ga mutum ɗaya ko 170 ga iyali. Ƙara kuɗin jarrabawa, awon digiri, asibiti, da tikitin jirgi.

Mataki na 8: Shiga tsarin da hannunka

Da sakamakon harshe da rahoton karatu a hannu, ka buɗe asusu a shafin IRCC ka cike bayananka. Shiga kyauta ne, kuma bayanan na zama wata 12. Lokaci-lokaci ana yin zaɓe, a sanar da makin da aka tsaya a kai, a aika wa waɗanda suka kai takardar gayyata. Tun tsakiyar 2024 zaɓen ya fi karkata ga waɗanda suka riga suka yi aiki a Kanada, da masu Faransanci, da wasu rukunonin sana'a irin su lafiya da aikin hannu da koyarwa.

Idan makinka bai kai ba, ka duba shirye-shiryen larduna. Manitoba da Saskacewan da Albata da Ontariyo da lardunan gaɓar Atlantika kowanne na zaɓar irin ma'aikatan da yake buƙata, kuma wanda lardi ya zaɓa ta wannan tsari ana ƙara masa maki 600, wanda kusan tabbacin gayyata ne. Sharaɗin shi ne ka yi niyyar zama a lardin da gaske. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da kuka haɗa uwa ko uba, mai zaman dindindin a can, na kawo maki 15.

Game da ejan: zuwa da kai ya fi aike. Babu fom ɗin da mai digiri ba zai iya cikewa ba. Idan dole sai ka nemi taimako, lauyan Kanada ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar hukumar CICC ne kaɗai doka ta yarda ya karɓi kuɗinka, kuma ana duba sunansa a shafinsu kyauta. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, ko ya yi maka alkawarin biza tabbas, ko ya ce ka kawo miliyoyi ya sayo maka takardar ɗaukar aiki, ɗan damfara ne. Tun watan Maris na 2025 ma an daina ba da maki a gasar saboda tayin aiki, don a toshe wannan cinikin. Kuma duk ƙaryar da ejan ya rubuta da sunanka, kai za a hukunta.

Mataki na 9: Kwana 60 bayan gayyata

Daga ranar da gayyata ta iso, kwana 60 gare ka ka ɗora komai ka biya. Wanda ya bari sai a lokacin zai fara neman takardu, zai sha gudu. Ana son takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi daga duk ƙasar da ka zauna wata 6 a jere cikin shekaru 10 da suka wuce, tun bayan ka cika 18. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Maleshiya ko Saudiyya ya fara neman tasu tun kafin gayyata. Gwajin lafiya kuma ba a kowane asibiti ake yi ba, sai wajen likitocin da IRCC ta lissafa; a Najeriya hukumar IOM na yi a Abuja da Legas. Akwai hoton ƙirji da gwajin jini, kuma sakamakon na aiki wata 12. Za a nemi tarihin inda ka zauna da abin da ka yi na shekara 10 ba tare da giɓi ba; watannin zaman jiran aiki ma a rubuta su. Bayan ka miƙa za a turo ka cibiyar karɓar biza a ɗauki hotonka da zanen yatsunka.

Ma'aikatar na ƙoƙarin kammala yawancin fayiloli cikin wata 6, amma yakan wuce. Kada ka ajiye aiki, kada ka sayar da gida, sai fasfo ya dawo da biza da takardar tabbatar da zama, COPR. Idan an yi haihuwa ko aure ko saki a tsakani, ka sanar kafin ka tashi.

Mataki na 10: Tafiya da sauka

Takardar na da ranar ƙarewa, dole ka shiga kafin ta. Mai nema shi zai fara shiga, ko su shiga tare da iyali. Daga Kano ko Abuja akan bi ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Idan da hali ka sauka tsakanin Afrilu da Satumba, ka samu gida da aiki kafin sanyi ya kankama.

Takardun asali su kasance a jakar hannu: fasfo, COPR, shaidar kuɗi, shaidar karatu, katin rigakafin yara, da wasiƙar hukumar kiyaye haɗurra mai nuna daɗewar lasisin tuƙinka. Ka rubuta jerin kayan da ka zo da su da waɗanda za su biyo baya, zinare da hotonsa, don kada a caje ka haraji daga baya. Kuɗin da suka kai dala 10,000 dole a bayyana su. Ba laifi ba ne shiga da su, ɓoyewa ce laifi. Kilishi da dambun nama da man shanu ka bar su a gida. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji kuwa ka faɗa wa jami'i kana ɗauke da su ya duba, domin tarar ɓoye abinci na iya kaiwa dala 1,300.

A filin jirgi za a kai ka ɗakin sababbin baƙi. Jami'i zai tambaye ka nawa ka zo da su, ko wani abu ya canza a iyalinka, ya sa ka sa hannu, ya karɓi adireshin da za a aiko maka katin zama. Daga wannan sa hannun ka zama mazaunin dindindin.

Mataki na 11: Makonnin farko

Fara da lambar SIN mai lamba 9 a ofishin Service Canada, don ba a aiki sai da ita, kuma kada ka faɗa wa kowa ita ta waya. Sai asusun banki, layin waya, da katin lafiya na lardi. Ontariyo ta soke jiran wata 3 tun 2020, amma a wasu larduna irin su Kebek ana jira, don haka ka sayi inshorar wucin gadi. Katin ya ɗauke ganin likita da kwanciya asibiti. Haƙori da maganin da aka rubuta maka galibi ba sa ciki.

Gida shi ne babban ciwon kai. A 2024 hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya a Toronto ta haura dala 2,000 a wata, Bankuba ma ta fi. Winifeg da Edmonton da Rijaina sun fi sauƙi. A Ontariyo ana biyan watan farko da na ƙarshe, kuma mai gida zai tambayi tarihin bashinka, abin da baƙo ba shi da shi. Ka kama masauki na wata guda, ka ga gida da idonka kafin ka tura wa kowa kuɗi. Tarihin bashin kuma da katin bashi ake gina shi. Mai gudun riba ya riƙa sayen ƙananan abubuwa da katin yana biyan kuɗin gaba ɗaya kafin wa'adi. Wanda ya yi haka ba a ɗora masa ruwa.

Ka nemi cibiyar taimakon baƙi mafi kusa. Gwamnati ce ke biyansu, suna koyar da harshe kyauta, suna taimakawa wajen sa yara makaranta da neman tallafin yara na wata-wata. Tallafin ba ya ɗorewa sai miji da mata duka sun cike takardar haraji kowace shekara kafin 30 ga Afrilu, ko da ɗayansu bai samu ko kwabo ba.

Mataki na 12: Aiki, sanyi da tarbiyya

Takardar neman aiki a can ba a sa mata hoto, ko shekaru, ko addini, ko jihar asali. Shafi ɗaya ko biyu, abin da ka iya da abin da ka cim ma. Likita da malamin jinya da injiniya da malamin makaranta ba sa aiki da sunan sana'arsu sai hukumar lardi ta ba su lasisi, kuma na likita na iya cin shekaru. Ka fara wannan neman tun kana gida. Kafin ya faɗa, kada ka raina aikin sito ko gadi ko kula da tsofaffi. Shi ke biyan haya, shi ke samar maka wanda zai shaide ka.

A Winifeg daren Janairu na sauka ƙasa da 20 a ƙarƙashin sifiri, wani lokaci ya kai 30. Rigar sanyin da ka saya a kasuwar gida ba za ta yi ba. Ana sawa ne hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki, suwaita, sannan babbar riga mai tare iska, da takalmi mai ruɓi biyu, safar hannu, da hular da ta rufe kunne. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere kana wurin aiki, don haka ka yi magana da shugabanka tun farko. Doka ta ɗora masa ya yi maka sauƙi a kan ibada gwargwadon hali. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 1.8 a ƙasar, kuma tun 1938 aka gina masallacin Al Rashid a Edmonton. Naman halal ba ya wuya a manyan birane. Masallaci ko coci, da ƙungiyar 'yan ƙasarku, nan ake jin labarin gida mai araha da aikin da ba a tallata ba.

Yara kuwa, a sani cewa malamin makaranta da likita wajibi ne su kai rahoto idan suka ga tabon duka ko alamar sakaci. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko ɗaga wa mata hannu, na iya kawo hukuma ƙofarka. Babu kaka, babu 'yar aiki, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa goyo, saboda haka ku raba aikin gida tun kafin gajiya ta raba ku. Mutanen gida ma ka gaya musu gaskiyar abin da kake samu da abin da haya da haraji ke ci, ka yanke abin da za ka iya aikawa duk wata ka tsaya a kai.

Mataki na 13: Riƙe matsayinka

Zaman dindindin na da sharaɗi: kwana 730 a cikin ƙasar a kowace shekara 5. Wanda ya sauke iyali ya koma kasuwancinsa a Kano ya lissafa da kyau. Babban laifi, har da tuƙi cikin maye, na iya sa a kori mazaunin dindindin. Bayan ka cika kwana 1,095 cikin shekara 5, kuma ka cike takardun harajin da ake buƙata, kana iya neman zama ɗan ƙasa; masu shekara 18 zuwa 54 na yin jarrabawa a kan tarihi da tsarin mulkin ƙasar. Ka tanadi ɗan littafi kana rubuta ranar fita da ranar dawowa a kowace tafiya, ta Hajji ce ko Umara ko gaisuwar rasuwa, domin za a tambaye ka su ɗaya bayan ɗaya. Kanada ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, Najeriya ma ta yarda ga wanda ɗan ƙasa ne ta haihuwa, amma Kamaru ba ta yarda ba. Ka binciki dokar ƙasarka kafin ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa.